Abokina ɗan Indonesiya ya ce in sayi fili a ƙauyensu da sunansa: in saya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Zariya, ina harkar hatsi, shekaruna 52. Shekara uku da suka wuce na haɗu da wani bawan Allah ɗan Indonesiya a Madina lokacin Umara, muka ƙulla zumunci, har yau muna gaisawa ta WhatsApp. Ƙauyensu yana yankin Gunungkidul, kusa da birnin Yogyakarta. Ya turo mini hotunan wani fili da ke gefen gidansa, ya ce mai shi yana neman kuɗi, kuma farashin bai kai na fuloti a Zariya ba. Ya ce doka ba ta barin baƙo ya saya da sunansa, amma sai a rubuta sunansa shi, in ya so mu yi yarjejeniya a tsakaninmu. Burina in gina ɗan gida in riƙa zuwa hutu, in kuma yi 'yan ɗakuna na masu yawon buɗe ido. An ce mini ka zauna a can. Yaya zaman ƙauyen yake, shin in saya, kuma tafiyar tana da sauƙi?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara danƙon zumunci. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko mutum irinka zai ji daɗin zama a ƙauyen Jawa, wato tsibirin da Yogyakarta take, ko filin da aka yi maka tayi zai zama naka da gaske, da kuma ko fasfon Najeriya zai kai ka can ba tare da wahala ba. Wanda ya ce maka na zauna a can bai yi ƙarya ba. Na yi karatun digiri na biyu a kan tattalin arzikin noma a Yogyakarta, wadda mutanenta ke kira Jogja, kuma bincikena a kan yadda manoma ke riƙe da gonakinsu ya sa na yi wata tara a gidan wani manomi a kudancin Gunungkidul ɗin nan da ka ambata. Bayan nan na sha komawa ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta. Amsata a taƙaice ita ce ka je ka ga abokinka, ka zauna, ka ci abincinsu, amma kada ka tura ko sisi da sunan sayen fili. Ga dalili.

Maganar filin

Abokinka ya faɗi gaskiya a rabin farko na maganarsa. Babbar dokar ƙasa ta Indonesiya, doka mai lamba 5 ta 1960, ta kasa haƙƙin ƙasa gida-gida, kuma mafi ƙarfi shi ne wanda suke kira Hak Milik, wato mallaka ta har abada wadda ake gada. Sashe na 21 ya ce ɗan ƙasa ne kaɗai zai riƙe ta. Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 26. Ya ce duk wani ciniki, ko kyauta, ko wasiyya, ko wata dabara da aka yi don mallakar ta koma hannun baƙo, kai tsaye ko ta bayan gida, ɓatacce ne tun daga tushe, filin ya zama na gwamnati, kuma kuɗin da aka biya ba a neman a dawo da su. Ka lura da kalmar "ta bayan gida". Ita aka sa don irin shawarar da aka ba ka. Takardar yarjejeniyar da za ku rubuta a tsakaninku, ranar da ka kai ta gaban alƙali ita ce za ta zama shaidar cewa kun kauce wa doka.

Ban ce abokinka macuci ba ne. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya yake magana, don wannan aron suna ya zama ruwan dare a tsibiran Bali da Lombok, har mutane da yawa sun ɗauka hanya ce da aka yarda da ita. Amma ka ɗauka amanarsa ta kai ta kowa. Rai fa? Ranar da ya faɗi ya mutu, filin da ke ɗauke da sunansa dukiyarsa ce a idon doka da idon masu rabon gado, za a raba shi tsakanin matarsa da 'ya'yansa. In ya ci bashin banki, filin yana cikin abin da za a iya kamawa. In ya rabu da matarsa, tana da haƙƙi a dukiyar da aka samu cikin aure.

Na ga wannan da idona. An taɓa kira na in yi tafinta a zaman sulhu tsakanin wani baƙo, wanda ba ɗan ƙasarmu ba ne, da iyalan amininsa da ya rasu. Ya biya kuɗin fili, ya gina gida, sun yi shekaru ba wanda ya ji kansu. Muna zaune a tabarma a falon gidan, an ajiye mana shayi a kofunan gilashi, babban ɗan mamacin ya fito da takardar filin daga cikin leda ya shimfiɗa, ya ɗora yatsa a kan sunan mahaifinsa. Bai ɗaga murya ba, bai yi rashin kunya ba. Cewa ya yi su shida ne, biyu suna makaranta, kuma mahaifinsu bai taɓa gaya musu filin na wani ba ne. Baƙon nan yana riƙe da rasitai cike da jaka, ya rasa ta inda zai fara. Abin da ya fi taɓa ni shi ne matar mamacin, wadda ta yi shekaru tana dafa wa mutumin nan abinci, ta kasa ɗaga ido ta dube shi. Gida ya tafi, zumuncin ma ya tafi.

Akwai wata ƙa'idar kuma da ba a cika faɗa ba. Tun 1961 doka ta hana mutum mallakar gona in ba a gundumar da gonar take yake zaune ba, don a hana attajiran birni tattare gonakin talakawa. Wato ko ɗan Jakarta da kuɗinsa yana da shinge a gabansa in gona ce, balle kai daga Zariya. Aure ma ba ƙofa ba ne, in wani ya kawo maka wannan shawara. 'Yar ƙasar da ta auri baƙo ba tare da yarjejeniyar raba dukiya ba, ita kanta sai riƙe Hak Milik ya gagare ta, saboda ana ɗaukar mijin yana da rabo a ciki. Sai a 2016 kotun tsarin mulki ta yarda a riƙa rubuta irin wannan yarjejeniya ko bayan an ɗaura aure, kuma ma'anarta filin na matar ne ita kaɗai.

Abin da doka ta bar wa baƙo

Ƙofofi uku ne, kuma biyu daga ciki ba don ƙaramin ƙauye aka yi su ba. Ta farko Hak Pakai, haƙƙin amfani, wanda ƙa'idar 2021 ta ba shi shekara 30, a ƙara 20, a sabunta 30. Da sunanka za a rubuta, amma na gidan zama ne, fili ɗaya da bai wuce murabba'in mita 2,000 ba, kuma gwamnati ta sa mafi ƙarancin farashin gidan da baƙo zai saya. A lardin Yogyakarta rupiya biliyan 5 ne a kuɗinsu, fiye da dala dubu 300 a canjin 2024, lokacin da dala ɗaya ke kai-komo wajen rupiya 16,000. A ƙauyen da na zauna babu gida ko ɗaya da ya kama hanyar wannan kuɗi. Ta biyu ita ce ka kafa kamfanin jarin waje, wanda suke kira PT PMA, kamfanin ya riƙe haƙƙin gini. Shi kuma ana son tsarin jarin da ya haura rupiya biliyan 10, ga rahoto da haraji a kai a kai. Wannan hanyar masu otal ce.

Ta uku ita ce taka: haya, Hak Sewa. Baƙo yana iya hayar gida ko fili na shekara ɗaya ko na shekara 25, a rubuta a gaban notaris, wato jami'in da gwamnati ta ba ikon tabbatar da yarjejeniya. In har ka kai nan wata rana, ka tabbata an rubuta cewa hayar tana nan ko mai filin ya mutu ko ya sayar, an faɗi makomar ginin in wa'adi ya cika, kuma matar mai filin da magadansa sun sa hannu. Kafin nan a kai takardar filin ofishin hukumar ƙasa, BPN, da ke Wonosari, hedikwatar Gunungkidul, a duba.

Wannan dubawar ba ƙaramin abu ba ce. Filayen ƙauye da yawa a Jawa ba su da cikakkiyar takarda, sai abin da suke kira Letter C ko girik, wanda asalinsa rajistar haraji ce a littafin dagaci. Tun 2017 gwamnati ta tashi haiƙan da shirin yi wa filaye rajista, an ci nisa sosai, amma har yanzu za ka tarar da fili da sunan kakan da ya rasu tuntuni, jikoki goma sha suna da haƙƙi, rabinsu suna Jakarta. Wanda ya ce maka "mai shi yana neman kuɗi", ka tambaye shi su nawa ne masu shi. Sannan Yogyakarta daban take da sauran larduna: tana da sarki, Sultan Hamengkubuwono na 10, wanda kuma shi ne gwamna, kuma dokar 2012 ta tabbatar wa masarauta filayenta. Yawancin filayen bakin tekun Gunungkidul na masarauta ne, mutane suna zaune a kai da izini kawai. Akwai kuma filayen baitulmalin ƙauye waɗanda ba a sayarwa. A 2023 an yi shari'o'i a Yogyakarta kan gidajen da aka gina a irin waɗannan filaye aka tallata wa jama'a, kuma 'yan ƙasa ne da suka san harshe da doka suka faɗa ciki.

Ni ba lauya ba ne, kuma adadin kuɗin da na ambata gwamnati tana taɓa su lokaci zuwa lokaci, don haka notaris ne zai ba ka na ranar. Amma haramcin Hak Milik ga baƙo yana nan tun 1960 bai motsa ba.

Me ya sa filin ya yi araha

Hoton da aka turo maka, ina kyautata zaton kore ne shar. Ka tambaya a wane wata aka ɗauke shi. Daminarsu takan fara wajen Nuwamba ta kai Afrilu, rani kuma daga Mayu zuwa Oktoba, kishiyar tamu. Kudancin Gunungkidul duwatsun farar ƙasa ne irin waɗanda ake siminti da su, dubban ƙananan tuddai da ake kira Gunung Sewu, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin ƙasa a 2015. Dutse ne mai ƙofofi kamar soso. Ruwan sama yana sauka da yawa, amma nan take ya zurare ƙasa, ya koma koguna da ke gudu a cikin kogo can ƙarƙashi. Sai ka haƙa rijiya ka yi ta bugun dutse ba ka ga danshi ba, alhali kogi yana wucewa ƙasan ƙafarka.

A gidan da na zauna akwai katon tankin siminti a gefen kicin, an jawo indararo daga rufin kwano zuwa cikinsa. Da shi ake sha, da shi ake girki, da shi ake ba shanu. Wajen Agusta uwar gidan takan leƙa ciki kowace safiya da tocila. In ya kusa ƙarewa sai a kira tankar ruwa mai lita 5,000, kuma a shekarar da rani ya yi tsawo akan sayar da akuya a sayi ruwa. An kai famfo ƙauyuka da dama, wasu daga kogin ƙarƙashin ƙasa na Bribin, amma ba ko'ina yake zuwa kullum ba. Saboda haka tambayar farko a kan kowane fili a can ita ce ina ruwansa, ta biyu ko mota tana shiga. Filin da ke bakin sabuwar hanyar kudu da ta bi gaɓar teku ya yi tsada tuni, 'yan birni sun riga kowa. Wanda ya rage da araha, akwai dalilin araharsa. Sai kuma girgizar ƙasa: ta 27 ga Mayu 2006 ta kashe mutum fiye da 5,700 a yankin Yogyakarta, galibi a Bantul, maƙwabciyar Gunungkidul, kuma gidajen bulo marasa rodi ne suka fi kisa. Duk wanda zai yi gini a can sai ya sa wannan a lissafi.

Zaman ƙauyen

A nan kam ina da albishir. Ban taɓa zama a wata ƙasa da Bahaushe zai gane kan mutanenta da wuri kamar ƙauyen Jawa ba. Suna da dagaci, lurah, ƙarƙashinsa masu unguwanni, dukuh, ƙarƙashinsu kuma Pak RT mai kula da gidaje kamar talatin ko arba'in. A bakin unguwa za ka ga allo an rubuta cewa baƙon da zai kwana a sanar da shi cikin awa 24. Ranar da ka sauka, abokinka ya kai ka gidan Pak RT da na Pak Dukuh da kwafin fasfonka. Ba a shiga gida sai an tsaya a ƙofa an ce "kulonuwun", a amsa maka "monggo", kamar dai sallamarmu.

Abin da muke kira gayya su sambatan suke ce masa: in mutum zai ɗora rufi, maza su taru ba lada sai abinci. Adashi shi ne arisan. Gudummawar biki ita ce nyumbang, kuma ana rubutawa a littafi, don ranar naka za a mayar. In an yi rasuwa ana taruwa a yi tahlili ran uku, ran bakwai, ran arba'in, su har da kwana ɗari da kwana dubu. Kasuwanninsu ma na ci ne bi da bi, sai dai makon kasuwarsu kwana biyar ne: Legi, Pahing, Pon, Wage, Kliwon. Wanda ya fi burge ni shi ne jimpitan. Kowane gida yana rataye ɗan gwangwani a bakin ƙofa, da yamma a jefa tsabar kuɗi ko ɗan cokalin shinkafa. Da dare 'yan sintiri, waɗanda mazan unguwa ne da ke karɓa-karɓa, su bi gida-gida suna kwashewa, abin da aka tara ya shiga asusun unguwa. Da haka an tabbatar sun zaga kowane gida. A wata na biyu aka sa sunana a jerin daren Talata, kuma daga ranar ne na lura an daina kira na "baƙon gidan wane", an koma kiran sunana.

Wannan shi ne kuɗin zama a can, kuma ba a biyan sa daga nesa. Gidan da mai shi ke zuwa wata ɗaya a shekara, ba ya sintiri, ba ya gaisuwar mutuwa, ba ya fita gyaran hanya ran Lahadi, gida ne da unguwa ke ɗauke da nauyinsa. Bajawe ba zai faɗa maka a fuska ba. Mutane ne masu kawaici fiye da namu ma, suna iya ce maka "inggih", wato to, alhali a ransu a'a ne. Ɗan kasuwar da ya saba da ciniki a Dawanau ko Sabon Gari sai ya rage murya, ya koyi jin abin da ba a faɗa ba.

Addini zai yi maka daɗi. Masallaci ko ƙaramar musalla tana kowace unguwa, abincin ƙauye halal ne. Shafi'awa ne: liman yana bayyana bisimilla a Fatiha, ana ƙunutin Asuba a bayyane bayan ruku'u, hannuwa a ɗage. Makon farko da na yi sallah na saki hannuwana, wani dattijo ya biyo ni waje cikin damuwa yana tambaya ko ciwo nake yi. Da na ce masa mazhabar Imam Malik ce, sai ya riƙe hannuna ya kai ni wajen limamin, muka yi hira har Isha. Manyan ƙungiyoyinsu biyu ne, Nahdlatul Ulama da aka kafa a 1926, da Muhammadiyah da aka kafa a Yogyakarta a 1912, kuma wani lokaci ranar Sallarsu takan bambanta. Za ka kuma ga al'adun da ba ka saba ba, irin bikin Rasulan na bayan girbi, da kiɗa da wasan inuwa har asuba, da sadakar da masunta ke kaiwa teku. Akwai Kiristoci a wasu unguwannin. Malamansu sun daɗe suna tattauna waɗannan abubuwa a tsakaninsu, kai baƙo ne, ka kama bakinka.

Abinci shinkafa ce safe da rana da dare, da tempe da tahu, waɗanda daga waken suya ake yin su, tahu ɗin ma awararmu ce sak. Nama sai biki ko Babbar Sallah. Girkin Jogja yana da zaƙi, har miya ana sa mata sukarin kwakwa mai kama da mazarƙwaila. Abincin gargajiyar Gunungkidul tiwul ne, garin busasshen rogo da ake turarawa kamar dambu, wanda ya riƙe su a shekarun yunwa. Kuma suna cin fara. Ranar da na ga yara a bakin hanyar Wonosari suna ɗaga ta a tsire suna tallatawa, na saya aka soya mini da tafarnuwa da barkono, sai da na ji kamar ina gida. Kai da kake harkar hatsi za ka ji daɗin duba gonakinsu: masara, gyaɗa, waken suya da rogo a fili ɗaya da sau da yawa bai kai rabin hekta ba, a tsakanin duwatsu, ga itacen jati mai tsadar katako a gefe. Jati da saniya su ne bankinsu, ba a taɓa su sai kuɗin makaranta ko asibiti ko aure.

Kada kyan wurin ya rufe maka ido ga talaucinsa. A 2024 mafi ƙarancin albashi a Gunungkidul wajen rupiya miliyan 2.2 ne a wata, na Jakarta ya ɗan haura miliyan 5. Shi ya sa matasa suke tafiya birni, ƙauye ya rage tsofaffi da jikoki, sai Ƙaramar Sallah gari ya cika. Wuta tana da kyau, ta kati ce, intanet na waya yana kamawa a yawancin wurare, akwai ƙaramin asibiti, puskesmas, a kowace gunduma, babban asibiti kuma sai Wonosari ko Jogja. Ciwon da za ka kiyaya shi ne zazzaɓin dengi, wanda sauron rana ke kawowa da damina. Yara za su bi ka da kallo, manya za su nemi hoto da kai, galibi sha'awa ce kawai. Harshen Indonesiya kuwa yana da sauƙi, da haruffan boko ake rubuta shi, kuma za ka tsinci namu a ciki: Senin, Selasa, Rabu, Kamis, Jumat, Sabtu, ga dunia, ga kabar wato labari, ga sabun. Wata uku na naci ya isa ka yi ciniki a kasuwa. Jawanci ne mai wuya, don kalmomin da za ka yi wa dattijo daban suke da na tsaranka.

Ɗakunan masu yawon buɗe ido

Wannan ban ga riba a cikinsa ba. Gaskiya ne Gunungkidul ta samu baƙi sosai a 'yan shekarun nan: bakin tekun Baron da Krakal, kogon Pindul da ake bi ta cikinsa a kan tayar roba, da ƙauyen Nglanggeran da hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin fitattun ƙauyukan duniya a 2021. Amma mafi yawan baƙin 'yan ƙasa ne, suna zuwa a bas ran Asabar da Lahadi da hutun Sallah, su koma Jogja su kwana, tunda tsakanin Wonosari da birnin kilomita 40 ne kawai. Nglanggeran kuwa matasan ƙauyen ne suka haɗa kai suka gina abinsu, baƙi suna kwana a gidajen mazauna, kuɗin yana zagayawa a tsakaninsu. Irin wannan ƙaramin masauki yana cikin sana'o'in da doka ta keɓe wa ƙananan 'yan kasuwar ƙasar. Kuma wanda ya shiga da bizar ziyara aka gan shi yana karɓar kuɗin ɗaki, aiki ya yi ba izini, hukuncinsa kora. In kasuwanci kake so da Indonesiya, ka dubi abin da ka iya: saye da sayarwa tsakanin ƙasashen biyu, irin wanda mutanenmu suka daɗe suna yi a kasuwar Tanah Abang ta Jakarta.

Hanyar zuwa

Nan ne za ka fi buƙatar haƙuri. Najeriya ta daɗe cikin ɗan gajeren jerin ƙasashen da Indonesiya ke yi wa abin da suke kira bizar kira. Ba a ba mu biza a filin jirgi. Sai wani ɗan ƙasa ko kamfani a can ya tsaya maka, ya shigar da buƙata a hukumar shige da fice, wani kwamiti a Jakarta ya tantance, sannan a amince. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci fiye, kuma mai tsaya maka shi zai amsa tambaya in ka yi laifi. Dalilin tsananin ba ɓoyayye ba ne: shari'o'in ƙwaya da zamba da wuce wa'adin biza. A 2015 da 2016 an zartar wa 'yan Najeriya da dama hukuncin kisa a tsibirin Nusakambangan kan safarar ƙwaya, kuma tabon yana bin fasfonmu har yau. Kada ka karɓi saƙon kowa a jakarka, ko na wanda ka sani. Kada ka wuce wa'adi ko da kwana ɗaya: tarar rupiya miliyan 1 ce kowace rana, in ya haura kwana 60 kuma kora ce da hana dawowa. Bizar zama mai tsawo ta masu hali, lokacin da aka fito da ita a 2022, sai da aka ce a nuna ajiyar rupiya biliyan 2.

Ka fara da ofishin jakadancinsu da ke Abuja, ka ji sharuɗɗan da ake bi yanzu daga bakinsu, ka guji dillalan biza. Ka riƙe katin rigakafin shawara da inshorar lafiya. Babu jirgi kai tsaye, sai ka ya da zango a Doha ko Dubai ko Istanbul ka sauka Jakarta. Daga nan ko jirgin sama na awa ɗaya da 'yan mintuna zuwa sabon filin jirgin Yogyakarta da ke Kulon Progo, ko jirgin ƙasa daga tashar Gambir na awa shida zuwa takwas, wanda shi na fi so saboda gonakin shinkafar da za ka yi ta gani. Suna gabanmu da awa shida, kuma ta hagu suke tuƙi, don haka kada ka hau babur da kanka a makon farko.

In da ni ne kai, zan nemi wata ɗaya, in sa shi a Agusta ko Satumba, lokacin da ƙasar ta bushe tankuna suka yi ƙasa, in ga ƙauyen a ranar da ba ya kwalliya. In ya kwanta maka, zuwa na biyu ka kama hayar gida na shekara, gidajen waɗanda suka tafi birni suna nan a rufe. Abokinka kuwa ka gaya masa ka tambayi masana sun ce aron suna zai iya jawo masa matsala shi da 'ya'yansa, kuma ba ka son abin da zai shiga tsakaninku. In mai filin yana cikin matsi ne kuma kana da hali, ka taimaka da abin da za ka iya bayarwa kyauta, ba tare da an rubuta komai ba. Tsaraba kuma kada ka ɗauki kilishi, ba a barin nama ya shiga. Ka kai wa abokinka hula zanna da turare, uwargidansa turmin atamfa, don za ta gane zanen batik ɗinsu a jikinta, ka kuma ware 'yar leda ta dabino ta gidan Pak RT.